Jatau da Mita Arba'in da Biyun da Suka Ɓata

A Rijiyar Ƙanya, ƙauyen da motar birni ke shiga sau biyu a rana, akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Malam Sidi, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a firamare. Bai daɗe da yin ritaya ba ɓarin jikinsa ya shanye, ya koma zaman keken guragu. Akwai matarsa Kuluwa, mai sana'ar ƙuli da man gyaɗa. Sai ƙaninta Jatau.

Jatau ya haura arba'in. Ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake ɗaga Malam Sidi daga gado zuwa keke ko nishi ba ya yi. Ba ya ƙarya, ba ya mantuwa, ba ya ƙin aike. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga baki, haka yake ɗaukar ta. Tun ranar da aka ce masa ya ja bakinsa a wurin zaman makoki, ya sa hannu biyu ya ja leɓensa har aka shafa fatiha, mutanen gari suka koyi gyara magana kafin su aike shi. Mutanen gidansu ne kawai ke mantawa, saboda sabo.

Duk Litinin da Alhamis sai an kai Malam Sidi asibitin birni gashin ƙashi. Hanyar ba ta da kyau, yakan dawo jikinsa ya fi yadda ya tafi ciwo. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai suka sayar da gonarsu ta fadama suka haɗa, suka yanke shawarar sayen gida kusa da asibitin. Sun san sau ɗaya za su yi wannan ciniki, don ba su da wata gonar.

Wata rana Kuluwa ta ji talla a rediyo. Wani kamfani ya gina benaye a bayan asibitin, kowane sashe ɗaki uku da falo, faɗinsa murabba'in mita ɗari da ashirin. Malam Sidi ya lumshe ido ya yi lissafi, ya ce wannan ya kai aji biyu na tsohuwar makarantarsa idan aka haɗa su. Kuluwa ta miƙa wa Jatau wayarta da kuɗin mota.

"Ka je ka ɗauko mana hoton gidan mu gani."

Jatau ya isa, ya tarar da hoton gidan a bakin ƙofar shiga, an buga shi a jikin wani allon langalanga mai girman bangon ɗaki, an kafa shi da turakun ƙarfe biyu. Ya ari diga wurin leburori, ya tone turakun, ya ɗora allon a ka. Maigadi ya biyo shi da gudu.

"Kai! Ina za ka da shi?"

"Yaya ce ta ce in ɗauko."

"Wace Yaya?"

"Tawa mana."

Maigadi ya ga yadda ya faɗa babu ko ɗar, ya ɗauka wata babba ce a kamfanin, ya taya shi ɗaure allon a kan motar haya. Da yamma aka jingina shi a jikin rumbu. Maƙwabta suka taru suna kallon falo mai fararen kujeru, da wata mata a can ƙarshensa ta yi ƙanƙanta kamar mai tafiya rafi.

Washegari da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gida, wani mai farar shadda ya fito. Alhaji Tasi'u ne, dillalin kamfanin, ya biyo sawun allonsa. Ya shigo da niyyar faɗa, amma da ya ji gida suke nema kuma kuɗinsu a hannu yake, sai ya nemi tabarma ya zauna.

"Hajiya, ai hoton nan ma rage masa girma ya yi. Falon nan ko ƙwallo za a buga a ciki. Kuma kun yi sa'a, na ƙasa guda ɗaya ya rage, daidai da Malam."

Wata rana, bayan an gama wa Malam Sidi gashin ƙashi, suka tsallaka don ganin gidan. Suka tarar an tone bakin ƙofa ana aikin kwalbati, katako ɗaya aka gitta, keke ba ya wucewa. Malam Sidi ya ce ba za a saɓa shi a kafaɗa a gaban mutanen birni ba, ya jira su a inuwar darbejiya. Jatau ya ɗan ɓace, ya dawo da wata baƙar leda a hammata.

Alhaji Tasi'u ya buɗe musu sashen. An jera kujeru ƙanana masu siraran ƙafafu, an manna wa bango ɗaya madubi daga ƙasa har sama. Ya nuna tayil, ya nuna silin, ya kai Kuluwa kicin ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo. Kuluwa, wadda take jan guga tun tana shekara tara, ta tara hannu ta tsaya tana kallo, ba ta ƙara jin abin da ake faɗa ba.

A falo kuwa, Jatau ya fito da ƙwallo daga leda ya ajiye a tsakiya. Ya ja da baya taku uku, ƙeyarsa ta bugi bango.

"Alhaji, babu wurin ɗaukar gudu."

Kafin Alhaji ya fito daga kicin, Jatau ya ɗirka wa ƙwallon ƙafa daga tsaye. Ta daki madubi, ta dawo ta tsige hular Alhaji. Madubin ya tsage, ya sulale ƙasa gaba ɗaya, sai ga bangon siminti a fili.

"Yaya," in ji Jatau, "rabin falon ya zube."

Kuluwa ta yi ta ba da haƙuri. Alhaji Tasi'u ya kakkaɓe hularsa ya ce ba komai, tsautsayi ne.

Wata rana Malam Sidi ya gaji da tambayar Kuluwa girman ɗakunan tana ba shi labarin famfo. Ya kira Jatau ya ba shi tef ɗin awo.

"Kada ka yarda da faɗar kowa. Ka koma ka auna gidan nan da kanka."

Jatau ya sa tef a aljihu ya tafi. Ya shiga falo, ya cire hula, ya durƙusa, ya kwantar da kansa a ƙasa ƙeya na taɓa bango. Ya ja layi da gawayi daidai goshi, ya matsa gaba, ya sake kwantar da kai. Haka ya bi falo tsawo da faɗi, ya bi ɗakuna uku, ya bi kicin da banɗaki. Leburori suka bar aikinsu suka yi cirko-cirko a taga. Wani ya ce wata sabuwar ibada ce, wani ya ce a'a, neman asiri yake yi da aka binne. Tun hantsi sai bayan la'asar ya gama. Ya dawo gida kunnensa ɗaya fari fat da ƙurar siminti, gwiwoyin wandonsa sun huje.

"Falo kai ashirin a tsaye, goma sha bakwai a kwance," ya fara karantowa. Ya jero sauran duka, bai tsallake ko ɗaya ba.

Kuluwa ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam Sidi kuwa ya ce a miƙo masa rula. Ya sa Jatau ya sunkuyo, ya auna shi daga ƙeya zuwa goshi, ya samu inci tara. Ya juya bayan katin asibiti ya yi ta rubutu da hannunsa mai lafiya. Ya gama, ya sake daga farko.

"Saba'in da takwas," ya ce. "Ba ɗari da ashirin ba."

"Haba Malam," in ji Kuluwa, "yanzu kan Jatau za mu yarda da shi mu bar takardar kamfani?"

"Abin da ke cikin kan ne ban yarda da shi ba. Wajensa kuwa inci tara ne, na auna." Ya ajiye katin, ya ci gaba kamar mai magana da kansa. "Mita arba'in da biyu sun ɓata. Ya kamata a nemo inda suka shiga."

Wata rana, wato washegarin wannan, aka nemi Jatau a gida aka rasa. Ya tafi neman mita. Ya duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya leƙa tankin ruwa, ya ɗaga murfin sokawe. Ya ga mitocin wuta a jikin bango, ya ƙirga su goma sha biyu, maigadi ya rantse masa kowace da mai ita. Da aka idar da sallar azahar a masallacin unguwar, sai ya je wurin ladan ya ce yana son a yi masa cigiya.

"Yaro ne ko dabba?"

"Mita ne. Arba'in da biyu."

"Yaya kamanninsu?"

"Malam ya ce masu kusurwa huɗu ne. Daga gidan Alhaji Tasi'u suka ɓata, sashen ƙasa."

Ladan tsoho ne, ya saba faɗar abin da aka ba shi. Ya ɗauki lasifika ya sanar wa unguwa cewa ana cigiyar mita arba'in da biyu masu kusurwa huɗu, sun ɓata daga sabon benen Alhaji Tasi'u, wanda ya gani ya taimaka. Ya maimaita sau uku. Alhaji Tasi'u yana ƙofar masallacin, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya cusa Jatau a mota, bai tsaya ko'ina ba sai Rijiyar Ƙanya. Ya shimfiɗa wa Malam Sidi taswirar ginin a cinya.

"Malam, babu abin da ya ɓata. Kai malami ne, ka duba. Kaurin bango kaɗai mita goma sha ɗaya ne. Ga baranda ta baya, shida. Ga kasonku na matakalar bene da hanyar shiga, tara. Wurin ajiye mota goma sha biyu. Sauran huɗun na ɗakin janareto ne da na maigadi. Haɗa ka gani."

Malam Sidi ya haɗa, ya ga arba'in da biyu cif.

"Lissafinka daidai ne, Alhaji. Sai dai ni ba ni da mota. Kuma ni da ba na iya taka ƙasa, an sayar mini da matakala."

"Ai haka ake lissafawa a ko'ina, Malam. Amma duk naku ne. Halak malak."

Wata rana Jatau ya tuna damina ta kusa, kuma ga wuri har mita arba'in da biyu zaune a banza. Ya ɗauki buhun gyaɗa, da tabarma, da tunkiyar Kuluwa, ya nufi birni. Ya ɗaure tunkiya a wurin ajiye mota. Ya shanya gyaɗa a baranda. Ya shimfiɗa tabarma a kan matakala, ya miƙe ƙafafu daga wannan bango zuwa wancan. Can sai ga wata mata ta sauko daga hawa na biyu da jaka, tana sauri za ta wurin aiki. Maman Hanifa ake ce mata, ta yi wata huɗu da tarewa.

"Bawan Allah, ba ni hanya."

"Nan namu ne, Hajiya. Mita tara. Ki zagaya ta naki."

"Wane nawa? Ni ma matakalar nan aka lissafa mini!"

Hayaniya ta fito da mutanen sama. Kowa ya ce shi ma tana cikin takardarsa. Jatau ya dubi matakalar, ya dubi mutanen, ya ce to sai dai a raba, kowa ya tsaya a kan tasa, kada wani ya taka ta wani. Wani dattijo ya ce shi tasa ta sama ce, ke nan ba zai sake saukowa duniya ba. Maman Hanifa ta tsallake ƙafafun Jatau tana faɗin ita da ta tare sai da kafinta ya yanke gadonta kafin ya zauna a ɗaki. Bayan sun watse Jatau ya shiga neman ƙofar da ake shiga cikin bango, don ya zuba sauran gyaɗar a mita goma sha ɗayansu. Bai samu ba, ya ari guduma. Ya yi bugu biyu maigadi ya riƙe shi.

Alhaji Tasi'u ya sake mayar da shi gida, tunkiya a kujerar baya. Wannan karon bai nemi tabarma ba.

"Hajiya, na gaji. Akwai masu jira da kuɗinsu. In kuna so, ku yi kafin alƙalami kafin Alhamis. Maganar girma kuma ku bar ta. Ku kawo duk abin da kuka mallaka, in gidan nan bai haɗiye shi ba ku kira ni maƙaryaci."

Bayan ya tafi Kuluwa ta zauna kusa da keken mijinta. Ta ce masa ta gaji da ganin sa yana cije leɓe a kan hanyar nan sau biyu a mako, kuma ita ma bayanta ya fara ƙin guga. Malam Sidi ya ce ta yi abin da ta ga ya dace.

Wata rana, ranar Laraba, Kuluwa tana tsakiyar suyar ƙuli, ta ɗaure kuɗi a tsumma ta ba Jatau.

"Ka je wurin Alhaji ka yi mana kafin alƙalami."

Jatau ya ɗauki jan biron Malam Sidi, ya je ƙofar sashen, ya kafa shi a ƙasa kusa da dandamali, ya tattake gefensa don kada ya faɗi. Ya dawo ya miƙa wa Kuluwa tsumman yadda ta ɗaure shi.

"Na kafa. Ba a ce in biya komai ba."

Kuluwa ta kira Alhaji ta roƙe shi ya ƙara mata kwana biyu, ta ce wannan karon da ƙafarta za ta zo.

Wata rana, ita ce Asabar ɗin, Kuluwa ta shirya ta bi motar farko. A bakin ƙofa ta juyo ta ɗaga wa Jatau yatsa.

"Kada ka bar Malam shi kaɗai ko na minti ɗaya."

Jatau ya zauna yana tunani. Alhaji ya ce a kawo duk abin da aka mallaka, har yau ba a kai ba. Yaya kuma ta ce kada a bar Malam. Ya tura Malam a kekensa har kasuwa, ya samu direban babbar motar da ke ɗaukar gyaɗa, suka daidaita a kan buhu ɗaya. Aka fara fito da kaya: gadon ƙarfe mai rumfa, kabad ɗin kwanukan Kuluwa, turmi da taɓare, kaskon suya, jarkokin mai, akwatuna shida na littattafan Malam. Malam Sidi ya buɗe baki zai hana, sai ya dubi kayan, ya rufe bakinsa. Aka ɗora shi a gidan gaba, aka ɗaure kekensa a saman kaya.

An gama aikin kwalbati, motar ta shiga har ƙofar sashen. Maigadi ya ji an ce Alhaji ne ya ce a kawo, ya buɗe.

A ofis kuwa, an gama buga takarda, Alhaji Tasi'u ya miƙa wa Kuluwa biro ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙe tsaye. Suka iso tare.

Rabin kayan na kan mota. Wanda aka shigar ya cika falo, sai wata 'yar hanya da mutum zai bi a karkace. Gadon ƙarfe ya tsaya a ƙofar ɗaki, rabi ciki rabi waje. Wasu mata da miji da suka zo duba wani sashen sun tsaya suna kallo. Kuluwa ta kutsa tana kiran Malam, ya amsa daga ciki. Ta same shi a siririn lungun da ya bi tsakanin ɗakuna. Ya nemi a kai shi banɗaki, Jatau ya tura shi, keken ya isa ƙofar ya ƙi juyawa. Taya ɗaya ta tokare bango, ɗaya ta tokare ƙyaure. Baya kuma babu hanya, don yaran mota sun riga sun turo kabad. Yana zaune a nan, hularsa a cinya, fuskarsa na kallon bango.

"Kin zo?" ya ce. "Wannan yana cikin saba'in da takwas ɗin."

Jatau ya leƙo ta saman kabad yana share gumi.

"Alhaji, gidanka bai haɗiye ba, ya shaƙe. In kawo masa ruwa?"

Alhaji Tasi'u ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juya wurin Kuluwa.

"Hajiya, ai matsalar kayan ƙauye ne, sun cika girma. Sai a sayar a sayi ƙanana."

Kuluwa ta dubi mijinta a lungu.

"Shi Malam ɗin ma a sayar a sayi ƙarami?"

Ta ajiye biron Alhaji a kan kabad, ta zuge jakarta ta maƙale a hammata. Mijin matar nan da suka zo duba gida ya tambayi leburori ko akwai mai tef ɗin awo. Sai da aka sake fitar da kabad da akwatuna huɗu kafin aka ja keken da baya aka fito da Malam Sidi.

Bayan mako uku suka sayi wani tsohon gida a cikin unguwar, ɗaki biyu da rumfa da tsakar gida mai siminti. Babu tayil, babu famfo sai rijiya, amma Malam Sidi kan juya kekensa a tsakar gidan da hannu ɗaya, ya kai kansa duk inda yake so. Asibiti tafiyar minti goma ce a ƙasa. Jan ruwa ya koma hannun Jatau. Kuluwa ba ta yaba masa ba, ta ma yi kwana biyu tana yi masa faɗan kaskonta da ya tsage a mota.

Ranar da ya koma Rijiyar Ƙanya kwaso kaji, mutanen majalisa suka kira shi. Labari ya riga shi isa.

"Jatau, ashe kai ne ka buɗe musu ido?"

Jatau ya ajiye akurki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wallahi ni ban taɓa idon kowa ba."